Kwamfuta a aljihu: Darasin da ya kamata a fara koya wa matasanmu

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Labarin ya wuce a ƙasar nan kusan ba a ji shi ba, domin washegari kowa ya kunna kwamfutarsa ta tashi kamar yadda ta saba. Sai dai ma'anar sanarwar ita ce, daga wannan rana duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar, kamfanin ba zai ƙara aiko wa kowa da abin toshe ta ba, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, wanda shi ma aka tsara zai ƙare wa masu kwamfutar gida a Oktoban 2026.

Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a koma Windows 11. Amma Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana neman wani ɗan guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan a kwamfutoci masu injin Intel galibi ba ta karɓar wanda ya girmi zubi na takwas, wato wanda ya fara fitowa a 2017. Duk wanda ya taɓa zagaya titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san irin kwamfutar da talaka ke iya saye: ta hannu ce da aka gama mora a ofisoshin Turai da Amurka, kuma da yawansu sun girmi wannan shekara. Su ne a shagunan intanet, su ne a ɗakunan kwamfuta na makarantu, su ne a kan teburin masu buga takardu a bakin sakatariya da ƙofar jami'a.

A kan waɗannan kwamfutoci ne ɗalibi ke cike takardar neman gurbin karatu, mai shirin hidimar ƙasa ke rajista, mai neman aiki ke buɗe imel ɗinsa, wani ma har ya shigar da lambar NIN da BVN da lambar katin banki. Wayar hannu ta ɗauke mana ɗawainiya da yawa, amma har yanzu akwai shafukan da ba sa buɗuwa da kyau sai a kwamfuta, akwai kuma rubutun da ba ya yiwuwa da babban yatsa, kamar kundin kammala karatu. Idan irin wannan buƙata ta taso, yawancinmu kwamfutar wani muke ara, ko mu biya kuɗin awa a shago, ba tare da sanin wa ya zauna a kanta kafinmu ba, balle abin da ya bari a ciki.

Akwai wata tsohuwar dabara da ke rage wannan haɗari, kuma kuɗinta bai wuce kuɗin filashi guda da ɗan abin data ba. Dabarar ita ce mutum ya ɗora babbar manhaja sukutum a kan filashi, ya riƙa yawo da ita a aljihu, duk kwamfutar da ya samu ya tayar da ita daga filashin nasa. Masu gyaran kwamfuta sun san ta sarai, domin da ita suke cin abinci. A ganina lokaci ya yi da za a fito da wannan ilimi daga teburin masu gyara, a sa shi cikin darussan farko da ake koya wa duk mai koyon kwamfuta, a kuma faɗa masa gaskiyar inda amfaninsa ya tsaya.

Yadda abin yake aiki

Kwamfuta abu biyu ce, ƙarfe da manhaja. Babbar manhaja ita ce ke juya ƙarfen, kamar yadda Android ke juya wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta. A kwamfuta, mazauninta shi ne rumbun ajiya na ciki, wanda masu gyara ke kira had dis. Idan ka danna makunni, wata 'yar ƙaramar manhaja da ke manne a jikin injin ce ke fara farkawa, ana kiran ta BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Aikinta shi ne ta nemo inda babbar manhaja take ta tashe ta. Bisa al'ada rumbun ciki take dubawa, amma ana iya ce mata ta duba wani wuri.

Idan ka soka filashin ka kunna kwamfutar, sai ka yi ta danna wani maɓalli kafin tambarin Windows ya bayyana. A yawancin kwamfutocin HP maɓallin F9 ne, a Dell da Lenovo kuma galibi F12. Jerin wuraren da za a iya tashi daga gare su zai fito, sai ka zaɓi filashin. Daga nan Windows ɗin da ke cikin kwamfutar ba za ta farka ba sam, kuma duk wani bairos ko manhajar leƙen asiri da ke maƙale a jikinta ita ma tana nan kwance. Manhajar filashinka ce za ta yi aiki da allo da madannai da injin kwamfutar, tana ajiye abin da take yi a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira ram, wadda ke mance komai da zarar an kashe wuta. Kamar ka ari murhun maƙwabci ne, amma tukunya da ludayi naka ne, kana gamawa ka kwashe kayanka.

Haɗa shi ba wuya. Ana buƙatar filashi mai aƙalla gigabait 8, in an samu mai 16 ko 32 ya fi. Sai a shiga shafin masu manhajar na ainihi a sauke fayil ɗinta. Waɗanda suka fi sauƙi ga sabon shiga su ne Linux Mint da Ubuntu, dukkansu 'ya'yan gidan Linux ne, kuma kyauta ne. Fayil ɗin Linux Mint ya kai kusan gigabait 3, na Ubuntu na baya-bayan nan kuwa ya kusa ninka haka. Sai a yi amfani da wata ƙaramar manhaja kamar Rufus ko balenaEtcher a rubuta fayil ɗin a kan filashin. A lura, wannan rubutu yana goge duk abin da ke kan filashin tun farko, don haka a kwashe kaya kafin a fara. Akwai Ventoy, wadda ke ba mutum damar jera manhajoji da dama a filashi ɗaya ya zaɓi wadda yake so. Wanda ba shi da kwamfuta ko ta aro ma yana iya yin aikin da wayar Android, ta amfani da manhajar EtchDroid da ɗan mahaɗin nan na OTG.

Wanda ke son filashin ya riƙa tuna fayilolinsa da saitinsa, yana iya ware wani ɓangare na filashin don ajiya mai ɗorewa tun lokacin haɗawa. Wanda kuma ke son komai ya shafe da zarar ya kashe, sai ya bar shi haka. Kuma lasisin waɗannan manhajoji ya halatta a kwafa a raba. Mutum ɗaya zai iya sauke fayil ɗin sau ɗaya, ajinsu gaba ɗaya su kwafa, babu wanda ya yi sata.

Ba yau aka fara ba

Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta Linux a 1991. A shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fitar da Knoppix, wadda ta shahara da tashi kai tsaye daga faifan CD ba tare da an ɗora komai a kwamfuta ba. A 2003 Barry Kauler na Ostireliya ya fito da Puppy Linux, wadda ƙanƙantarta ta sa take iya shigewa cikin ram gaba ɗayanta, har tsohuwar kwamfuta ta riƙa gudu da ita. Ubuntu kuwa ta zo a 2004, kuma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa kamfanin da ke kula da ita. Da filashi ya yi araha sai aka bar faifai aka koma kansa.

Shi kansa Microsoft ya gwada. A 2012 ya fito da Windows To Go tare da Windows 8, don ma'aikatan manyan kamfanoni su riƙa ɗaukar Windows ɗin ofis a filashi. A 2019 ya sanar da daina bunƙasa shi, a 2020 kuma ya cire shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa yau idan ana maganar babbar manhaja a filashi, Linux ake nufi.

Abubuwa biyu da suka faru a idon duniya sun nuna darajar dabarar. Na farko a 2013 ne, lokacin da Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke tattara bayanan jama'a. Shi da 'yan jaridar da ya yi hulɗa da su, irin su Laura Poitras da Glenn Greenwald, sun yi amfani da wata manhaja mai suna Tails, wadda aka fara fitarwa a 2009. An gina ta ne musamman don tashi daga filashi, tana bi da duk zirga-zirgar intanet ta hanyar Tor mai ɓoye inda mutum yake, kuma ba ta barin sawu a kwamfutar da aka yi aiki da ita. A 2024 masu kula da ita suka haɗe da ƙungiyar Tor.

Na biyu a ranar 19 ga Yulin 2024 ne, da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows a filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci a faɗin duniya. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Kwamfutar da ta ƙi tashi ba a iya aika mata gyara ta intanet cikin sauƙi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da Microsoft ya fitar ita ce a haɗa filashin ceto, ma'aikaci ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya yana sokawa yana tayar da su. Manyan kamfanonin duniya da duk dukiyarsu, ranar da ta ɓaci ɗan wannan abu suka koma wa.

Me zai tsinana mana?

Amfani na farko shi ne na mai aiki da kwamfutar da ba tasa ba. Akwai manhajojin da ke naɗe duk abin da aka danna a madannai, har da kalmar sirri, su ajiye ko su aika wa wanda ya dasa su. Mai shago ma kansa yana iya zama bai san suna ciki ba, musamman idan Windows ɗin ta kirak ce, an kuma cika ta da manhajojin da aka kwaso daga ko'ina. Ga kuma sakaci irin namu: a bar imel a buɗe, a bar hoton katin ɗan ƙasa da takardar shaidar karatu a cikin kwamfutar shago, na gaba ya zo ya tarar. Wanda ya tashi daga filashinsa ya tsallake manhajojin da ke cikin Windows ɗin shagon, kuma bai bar komai a baya ba. Idan bai yarda da intanet ɗin wurin ba, yana iya jona wayarsa ta Android da kebul ya yi amfani da datarsa.

Na biyu shi ne ceto. Kowane zangon ƙarshe a manyan makarantunmu ana jin kukan ɗalibin da kwamfutarsa ta ƙi tashi da kundinsa a ciki. Sau da yawa rumbun ajiyar lafiyarsa ƙalau, Windows ce kawai ta lalace. Abin takaici, maganin da wasu masu gyara suka fi saurin kawowa shi ne fomatin, wato a goge komai a ɗora sabuwa, aikin wata shida ya tafi. Alhali da an tayar da kwamfutar daga filashi, sau da yawa ana iya buɗe rumbun a kwashe fayilolin zuwa wani wuri kafin a taɓa komai. Wannan kaɗai ya isa dalilin da kowane ɗalibi zai mallaki irin wannan filashi, ko da sau ɗaya zai yi amfani da shi a shekara huɗu.

Na uku shi ne gwaji ba tare da asara ba. Mai tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi karɓa yana da zaɓi uku: ya ci gaba da Windows 10 da ƙofofinta a buɗe, ya nemi kuɗin sabuwa, ko ya koma wata manhajar da har yanzu ake sabunta ta. Wanda ya tuna bairos ɗin WannaCry na Mayun 2017, da ya bi ta kafar da ba a toshe ba a Windows ya shiga ƙasashe sama da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, ya san zaɓi na farko ba abin wasa ba ne. Filashi na ba mutum damar ɗanɗana zaɓi na uku na kwana biyu ko mako guda, ya ga ko firintarsa na aiki, ko sauti na fita, ko zai iya sabawa, ba tare da ya goge komai ba. In ta yi masa, daga filashin nan zai ɗora ta dindindin. In ba ta yi ba, ya zare filashinsa, Windows ɗinsa na nan yadda ya bar ta.

Linux Mint da Tails suna zuwa da burauza da LibreOffice, wadda ke buɗe fayilolin Word da Excel. Ga masu rubutun Hausa akwai ƙarin garaɓasa: a cikin jerin tsarin madannai na Linux akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Ghana, masu fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya saita wannan a filashinsa, duk kwamfutar da ya zauna a kai haruffansa masu lanƙwasa na tare da shi.

Abin da filashi ba zai yi maka ba

A nan ne ake buƙatar gaskiya, domin wanda ya ɗauka ya sa sulke alhali riga ce a jikinsa ya fi kowa shiga haɗari. Filashi na kare ka ne daga manhajar da ke cikin kwamfutar. Ba ya kare ka daga ƙarfen. Akwai 'yan ƙananan na'urori da ake maƙalawa tsakanin madannai da kwamfuta su naɗe abin da aka danna, kuma babu ruwansu da wace manhaja ke aiki. Ba ya kare ka daga kyamarar da ke saman kanka, ko idon wanda ke tsaye a bayanka. Ba ya kuma hana ka faɗa wa shafin bogi. Idan aka turo maka adireshin ƙarya na tallafin gwamnati ka shigar da lambar katinka da hannunka, Tails ma ba za ta cece ka ba.

Shi kansa filashin abin lura ne. Kasuwa cike take da na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai rabin rabin haka ba, kuma ba za ka gane ba sai fayiloli sun fara lalacewa. Akwai manhajoji kyauta irin su H2testw da ke gwada ainihin girmansa. Sauri ma ya bambanta, filashin USB 3.0 a kafa mai launin shuɗi ya fi na 2.0 nesa ba kusa ba. Filashi yana gajiya da yawan rubutu, yana ɓata, yana faɗawa ruwan wanki a aljihun riga. Ɗauke wuta ana tsakar ajiya na iya lalata abin da ke ciki, kuma wannan a wurinmu ba baƙon abu ba ne. Don haka kada filashi ya zama wuri ɗaya tilo da aikinka yake, kuma duk wanda zai yi ajiya mai ɗorewa ya tabbata a kulle take da kalmar sirri. Tails tana kulle nata ɓangaren ajiyar da kanta, a sauran kuwa sai mutum ya nema.

Kada kuma ka karɓi filashin da wani ya haɗa maka in ba ka yarda da shi ba. Wanda ya haɗa babbar manhaja yana iya dasa duk abin da ya ga dama a ciki. Kar a manta bairos ɗin Stuxnet da aka gano a 2010, wanda ya lalata injinan tace makamashin nukiliya na Iran a Natanz, ta filashi yake yaɗuwa.

Sannan ba kowane aiki Linux ke yi ba. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu shagunan zane da buga katin biki ke rayuwa da su, ba a yi su don Linux ba. Wasu manhajojin ɗaukar hoton yatsa da hukumomi ke amfani da su don Windows kaɗai aka yi su. Takardar da aka tsara a Word wani lokaci tsarinta kan ɗan goce a LibreOffice. Wasu kwamfutocin na ƙin tashi daga filashi sai an taɓa saitin tsaronsu, kuma a kwamfutar da aka kulle rumbunta da BitLocker, taɓa wannan saiti na iya sa Windows ta nemi wata doguwar lambar ceto da mai ita wataƙila bai taɓa ajiyewa ba. Sababbin kwamfutocin Apple masu injin M1 zuwa sama kuwa ba sa karɓar irin wannan filashi.

Uwa uba, a nemi izini. Kwamfutar shago da ta ofis da ta makaranta duk suna da masu su. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Wanda ya soka filashi a kwamfutar cibiyar jarrabawa ko ta wurin aikinsa a ɓoye, shi ya jawo wa kansa.

Wuƙar tana da baki biyu

Akwai wani darasi da wannan dabara ke koyarwa wanda ya shafi har waɗanda ba za su taɓa amfani da ita ba. Idan kai za ka iya tayar da kwamfutarka daga filashi ka kwashe fayilolinka ba tare da Windows ta tambaye ka kalmar sirri ba, to ɓarawon da ya sace ta ma zai iya. Kalmar sirrin da kake sawa idan ka kunna kwamfuta ƙofar zaure kawai take rufewa, katangar baya a buɗe take. Abin da ke hana karanta rumbun shi ne a kulle shi gaba ɗaya, da BitLocker a Windows, ko FileVault a Apple, ko irin nasa na Linux. Lauyoyi da likitoci da 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati da ke yawo da sirrin mutane a jakar baya ya kamata su san wannan. Wanda ya kulle kuma ya ajiye lambar ceton a wurin da ba cikin kwamfutar ba, domin ranar da ta ƙi tashi, babu filashin da zai buɗe ta sai da lambar.

Wannan ne ma ya sa wasu ke cewa koya wa matasa irin wannan abu tamkar ba ɓarawo makami ne. Damuwar tana da tushe, amma ta makara. Bayanin yana nan birjik a intanet fiye da shekara ashirin, kuma masu mugun nufi sun riga kowa saninsa. Wanda bai sani ba shi ne ɗalibar da ke barin hoton katinta a kwamfutar shago, da ma'aikacin da ke zaton kalmar sirrinsa ta tsare masa komai. Ɓoye ilimin su kaɗai yake cutarwa.

Wasu kuma na cewa Linux ta ƙwararru ce, ta fi ƙarfin mai koyo. Jihar Kerala ta Indiya ta shafe shekaru tana koyar da yaran makarantun gwamnati a kan Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta raba kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 da manhajojin Microsoft, ta koma LibreOffice da Linux. Android ɗin da ke hannun kowa ma a kan Linux aka gina ta. Matashin da ya iya canza wa waya manhaja a kasuwar Farm Centre ba zai kasa haɗa filashi ba.

Abin da ya kamata a yi

Makarantun koyon kwamfuta da ke kowace unguwa, waɗanda har yau manhajarsu ba ta wuce Word da Excel da CorelDraw ba, su ƙara darasi ɗaya: kowane ɗalibi ya haɗa filashinsa da hannunsa, ya tayar da kwamfuta da shi, ya ceto fayil daga wata da aka lalata da gangan. Darasin yini ɗaya ne. Kwalejojin fasaha da na ilimi da jami'o'i su sa shi cikin kwas ɗin kwamfuta na gama-gari da kowa ke ɗauka, su kuma ajiye fayilolin manhajojin a ɗakin kwamfutarsu don ɗalibi ya kwafa ba sai ya ƙona data ba.

Hukumar NITDA da shirin 3MTT na horar da matasa, wanda Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023, suna da hanyar isar da wannan ga dubban mutane. Abin da ake buƙata daga gare su bai wuce bayani mai sauƙi da Hausa da sauran harsunanmu ba, a rubuce da kuma a bidiyon da za a iya turawa ta WhatsApp. Gwamnatocin jihohi kuma, kafin su kira kwamfutocin makarantu matattu a ba da kwangilar sayo sababbi, su sa a gwada su da filashi tukuna. Wasu sun mutu da gaske, wasu kuwa manhaja ce kawai ta yi musu nauyi.

Masu shagunan intanet su ma suna da rawar takawa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa masu sarrafa bayanan mutane alhakin kare su. Mai shagon da ya ware kwamfuta ɗaya da ke tashi daga filashi, ta shafe komai bayan kowane kwastoma, ya rage wa kansa nauyi, ya kuma samu abin da zai yi talla da shi. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ kuwa ta daɗe da cancantar shirya wa mambobinta bita kan Tails da kulle rumbun kwamfuta, domin alƙawarin ɓoye sunan wanda ya ba ka labari ba ya cika idan sunan na kwance a kwamfutar da kowa zai iya buɗewa.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka jira kowa ba. Ka nemi filashi mai kyau daga wurin da ka yarda da shi, ka sauke Linux Mint daga shafinta na ainihi lokacin da data ta fi araha, ka gwada a kwamfutar ɗan'uwa ko aboki da izininsa. Idan allon farko ya nuna maka zaɓin ɗora manhajar a kwamfutar, kada ka taɓa shi, ka tsaya a gwaji. In ka iya, ka koya wa ƙanenka da ke shirin shiga jami'a, kafin ranar da zai kira ka yana cewa kwamfutarsa ta ƙi tashi.